Muhawara: Wane ne ke yanke abin da kamfani zai ɗauka a matsayin ilimi?

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aji uku a sashen nazarin harkokin kasuwanci a ɗaya daga cikin manyan makarantunmu na Kaduna, kuma a wannan zangon muna karanta darasin da ya shafi yadda kamfanoni da hukumomi ke tattara ilimi, su adana shi, su rarraba shi ga masu yi musu aiki. An koya mana cewa ilimi iri biyu ne: akwai wanda ake iya rubutawa a takarda, akwai kuma wanda ke zaune a hannu da ido da kunnen mai aiki, wanda Michael Polanyi ya yi bayaninsa a 1966 da cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da yake iya faɗa yawa. Daga nan aka kawo mana aikin Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi na 1995, da labarin kamfanin Matsushita na Japan, wanda ya kasa ƙera injin yin burodi mai kyau har sai da wata ma'aikaciyarsa, Ikuko Tanaka, ta je ta zama yarinyar babban mai gasa burodi a wani otal a Osaka, ta lura cewa yana murɗa ƙullin ne a daidai lokacin da yake jansa, sannan injiniyoyi suka ƙera injin ya riƙa yin hakan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, labarin yana nuna kamfani a matsayin mai tattarawa kawai, alhali ni ina ganin kamfani mai zaɓe ne. Shi ne ke tsara fom, shi ne ke cewa a rubuta kaza a bar kaza, shi ne kuma ke yanke wanda za a saurara a taro. Ina so in rubuta kundina na kammala digiri a kan wannan, don haka nake neman ra'ayin waɗanda suka yi aiki da gaske, ba waɗanda suka karanta kawai ba.

Tsohon Heluma, Kakuri:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Na yi shekaru masu yawa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, daga yaron inji har na zama heluma, kuma abin da kika hango haka yake. A ɗakin saƙa muna da takardar da ake cikewa a ƙarshen kowane aiki, kuma gurabe uku ne masu muhimmanci a cikinta: tsawon yadin da aka saƙa, sa'o'in da inji ya tsaya, da sunan wanda ke kan injin. Babu gurbin da za a rubuta dalilin tsayawar. To, duk wanda ya daɗe a wurin ya san cewa idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, zaren auduga yakan yi ta tsinkewa, kuma akwai dattawan da daga ƙarar inji kaɗai za su ce maka saura kaɗan wani ƙarfe ya ci. Amma tunda takardar tana ɗora tsayawar inji a kan sunan mutum, sai kowa ya koyi ɓoye matsala. Mutum zai lallaɓa inji mai ciwo har lokacinsa ya cika, ya bar wa mai aikin dare. A ofis kuwa, alƙaluman da suke gani suna nuna musu cewa masu aikin dare ne ragwaye. Sun yi imani da hakan tsakani da Allah, domin abin da takardarsu ta gaya musu ke nan, kuma an sallami mutanen kirki a kan wannan fahimtar.

Akanta, Barnawa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na ji zafin abin da ka faɗa, amma ina tsoron kada ƙanwata ta tashi daga nan da tunanin cewa rubutu ne abokin gaba. Ni aikina duba littattafan ƙananan 'yan kasuwa ne, kuma abin da na fi gani a garin nan shi ne akasin labarinka. Attajiri zai gina kasuwanci na shekara talatin, komai yana kansa: wa ke binsa bashi, wa yake bi, wane dillali ne mai amana, wane wata ne kaya ke tsada. Ranar da Allah ya karɓi ransa, magada za su buɗe shago su tarar da kaya, amma kasuwancin ya tafi tare da shi, sai rigimar gado ta cinye sauran. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙanƙane ne ko babba. Saboda haka a wurina matsalar masaƙarku ita ce an tsara fom maras kyau, kuma maganin fom maras kyau shi ne a gyara shi a ƙara gurbin dalili.

Tsohon Heluma, Kakuri:
Hajiya, ban ƙi rubutu ba. Amma ki tambayi kanki wane ne zai ƙara gurbin. Mun kai wannan ƙorafi sama, kuma waɗanda ke da ikon gyara takardar su ne waɗanda takardar ke wanke su. Da an rubuta dalili, da ya nuna cewa na'urar da ke daidaita danshin ɗaki ta daɗe ba a gyara ta ba, kuma wannan ba laifin mai aikin dare ba ne.

Malamin Gudanarwa:
Na ji daɗin wannan tattaunawa ƙwarai, domin Baba da Hajiya sun taɓo saɓanin da ya fi ƙarni guda ana yi a fagen karatunmu. Frederick Taylor, wanda ya fitar da littafinsa a kan gudanar da aiki a kimiyyance a 1911, bai ɓoye manufarsa ba. Ya ce aikin shugabanni ne su tattaro duk ilimin gargajiya da ke hannun leburori, su mayar da shi dokoki da jadawali, sannan a cire aikin tunani daga filin aiki a kai shi ofishin tsare-tsare. A kamfanin ƙarafa na Bethlehem a Amurka har nauyin da ya kamata shebur ya ɗauka a lokaci guda ya auna, ya ce kimanin fam 21 ne. A cewarsa an sami ƙarin aiki, amma daga ranar lebura ya daina zama masanin aikinsa a idon kamfani, ya koma mai bin umarnin da aka tsamo daga kansa shi kansa. Takardar da Baba ya bayyana jikar wannan tunanin ce.

Misalin da nake ba ɗalibaina, kuma ina ganin ya fi na burodi amfani ga tambayarki, shi ne na kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986, daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun san cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yana taurara idan an yi sanyi, kuma a daren jajibirin tashin sun ba da shawara a dakata. Shugabanni suka nemi hujja ta alƙaluma da za ta tabbatar da cewa hatsari zai faru, injiniyoyi kuma abin da suke da shi ya fi karkata ga gogewa da fargabar masani, sai aka janye shawarar. Diane Vaughan, wadda ta binciki takardun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar da sakamakon a 1996, ta nuna wani abu da ya fi wannan tayar da hankali. An sha ganin lalacewar zoben a tashin da suka gabata, an kuma rubuta komai a rahoto, amma duk lokacin da kumbo ya dawo lafiya sai a sanya lalacewar a rukunin hatsarin da za a iya jurewa, har abin da ya kamata ya zama gargaɗi ya zama al'ada. Ki lura, Hajiya, a nan ba a rasa fom ba, ba a kuma rasa gurbin dalili ba. Tsarin hukumar ne ya koya wa mutane masu gaskiya yadda za su karanta abin da suka rubuta da hannunsu.

Wannan ne bambancin da Chris Argyris da Donald Schön suka fito da shi a 1978. Akwai koyon da ke gyara kuskure a cikin dokar da ake da ita, akwai kuma wanda ke tambayar ko dokar ce kanta kuskuren. Na farkon kowace hukuma tana yi. Na biyun yana da wuya, saboda yakan taɓa kujerar wani.

Mai Shagon Ɗinki, Tudun Wada:
Malam, ni ban yi jami'a ba, amma ina da yara a shago, kuma ina ganin shago ma ƙaramin kamfani ne. Yaron da aka kawo mini ba ya taɓa almakashi sai ya jima. Da guga yake farawa, sai ɗaura maɓalli da kalmasa, sai ya hau keke ya haɗa abin da na yanka, yanka kuma shi ne na ƙarshe, domin kuskuren guga ana gyara shi da ruwa, kuskuren yanka kuwa yadin mutane ne ya tafi. Ni na tsara wannan jerin, kamar yadda maigidana ya tsara mini, don haka ni ne nake yanke abin da yaro zai sani da lokacin da zai san shi. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Wasu iyayen gida suna jinkirta koya yanka ba don tsaron yadi ba, sai don kada yaro ya yi saurin buɗe nasa shagon ya kwashe masu kawo ɗinki. Shi ya sa idan aka ce mai sana'a ya zazzage duk abin da ya sani a takarda, dole ya tambaya: bayan na zazzage, me ya rage da zai sa a ci gaba da buƙatata?

Ɗalibar Aji Uku:
Yaya, jerin da ka kawo daidai yake da abin da Jean Lave ta gani a wurin telolin Vai da Gola a Laberiya, wanda ita da Etienne Wenger suka yi amfani da shi a 1991 wajen bayyana yadda sabon shiga ke farawa daga gefen sana'a yana matsowa tsakiya. Mun karanta shi a aji a matsayin binciken ƙasar waje, ga shi kuma yana faruwa a bayan makarantarmu. Tambayarka ta ƙarshe kuwa ba ta cikin abin da aka koya mana, kuma ina ganin ita ce ginshiƙin matsalar.

Mai Nazarin Tarihi, Unguwar Rimi:
Bari in ƙara wani ɓangare daga fagena. Duk wanda ya zauna a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna ya buɗe rahotannin kimanta gundumomi da jami'an mulkin mallaka suka rubuta, zai ga ƙidayar magidanta, da gonaki, da shanu, da masu sana'a, gari bayan gari. Aiki ne mai tsari sosai, amma an yi shi ne don a yanka haraji da jangali, don haka abin da ba ya shiga lissafin haraji sai dai ya zo a gefe, in ma ya zo. Sana'o'in mata na cikin gida, da yadda fatake ke ba juna bashi a kan amana, ba su sami irin wannan kulawar ba. Yau mai bincike yana dogara da waɗannan fayiloli, kuma idan bai yi hattara ba zai kalli kakanninsa da idon mai karɓar haraji. Hukumar mulkin mallaka ta tafi tun 1960, amma zaɓin da ta yi yana nan yana tsara abin da muka sani game da kanmu.

Muna kuma da misalin tsari mai kyau daga gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato matan da ke jagorantar koyarwa, ke zuwa su karɓi karatu su koma ƙauyuka su koyar da mata, kuma ta zuba darussan a cikin waƙe domin wadda ba ta karatu ta iya haddacewa. Siffar ƙungiyar ce ta ba ilimin siffarsa. Game da masaƙu kuma, masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta Kakuri, kamfanin ya fara aiki a 1957 ya rufe a 2002, kuma dubban mutanen da suka yi aiki a masaƙun Kakuri suna ta tsufa. Gine-ginen suna nan, amma abin da ke kan mutane irin su Baba ba wata hukuma da na ga ta ɗauke shi a matsayin dukiyar da ake asara.

Akanta, Barnawa:
Na karɓi hujjar Malam a kan Challenger, cewa gurbi a fom ba ya isa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa kada a tura ɗalibai kasuwa da shakka kawai, ba tare da abin yi ba. Mai kamfanin ruwan leda a Kakuri ko mai gidan burodi a Kawo yana buƙatar ya san me zai yi gobe da safe. Akwai kamfanin da ya amsa tambayar ɗan'uwana mai ɗinki, ko kuwa duk labaran na asara ne?

Malamin Gudanarwa:
Akwai, Hajiya, kuma tambayarki tana kan hanya. Julian Orr ya bi masu gyaran injin kwafi na kamfanin Xerox yana kallon aikinsu, ya gano cewa kundin gyara da kamfani ya ba su ba ya warware matsaloli masu sarƙaƙiya. Abin da ke warware su shi ne labaran da suke ba juna a wurin karin kumallo, na yadda wani inji ya wahalar da wani da yadda ya shawo kansa. A idon ofis wannan hirar ɓata lokaci ce. Daga baya kamfanin ya kafa rumbun kwamfuta mai suna Eureka, inda mai gyara ke shigar da dabararsa, ƙwararru daga cikinsu su tantance ta, sannan a fitar da ita ɗauke da sunansa. Wannan sunan shi ne amsar tambayar mai ɗinki, domin mutum ya ba da abin da ya sani kuma darajarsa ta ƙaru maimakon ta ragu. Haka nan a masana'antun Toyota, mai aiki a layin haɗa mota yana da igiyar da zai ja idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya zo, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Ki kwatanta da masaƙar Baba, inda tsayawar inji laifi ne a kan sunan mutum. Injin ɗaya ne ke tsayawa a wuraren biyu, amma wani wurin yana samun ilimi daga tsayawar, wani wurin yana samun ƙarya.

Don haka abin da zan ce wa mai gidan burodi shi ne ya duba abin da ke faruwa da yaron da ya kawo masa labari maras daɗi. Idan yaron ya sha faɗa, ko aka yanke masa albashi, to maigidan ya riga ya tsara abin da zai sani nan gaba, ko da ya sayi kwamfuta goma.

Ɗalibar Aji Uku:
Malam, da izininka zan juya tambayar kan makarantarmu. Duk misalan da ka kawo na Amurka da Japan ne, alhali a garin nan muna da masaƙu, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, da matatar mai ta 1980, da maƙeran Panteka waɗanda ke ƙera injina ba tare da zanen takarda ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Shin jami'a ita ma ba hukuma ba ce da ke zaɓar abin da za a kira ilimi?

Malamin Gudanarwa:
Hukuma ce, 'yata, kuma dokar da muka tattauna tana aiki a kanta. Ana ƙara wa malamin jami'a girma ne da yawan maƙalolin da ya buga a mujallu, kuma hanya mafi sauri ita ce a raba takardar tambayoyi, a tattara amsoshi, a yi lissafi, a buga. Zama na wata shida a bakin maƙera ana kallo ana tambaya yana cin lokaci da kuɗi, kuma makinsa bai taka kara ya karya ba a takardar ƙarin girma. Ga kuma kamfanoninmu da ba sa son buɗe fayilolinsu ga mai bincike, yayin da bayanan Challenger suka fito fili saboda an kafa kwamitin bincike da ya wallafa rahotonsa. Abin da aka rubuta shi ake koyarwa, abin da ake koyarwa shi ɗalibi ke ɗauka a matsayin ilimi, sai ya fita ya zama manaja yana raina abin da heluma ya sani. Wannan yana damuna matuƙa, domin mu ne muke yaye masu tsara fom na gobe.

Tsohon Heluma, Kakuri:
'Yata, idan da gaske kike, ƙofata a buɗe take, kuma akwai abokan aikina da muke haɗuwa bayan sallar La'asar waɗanda za su yi farin ciki a tambaye su. Roƙona ɗaya ne, kada ki zo mana da takardar da za mu zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba". Ki zo da lokaci, ki bar mu mu ba da labari yadda ya faru.

Akanta, Barnawa:
Ni kuma sharaɗina ga ƙanwata shi ne kada ta tsaya a kan labarin su Baba kaɗai. Ta nemi wani da ya zauna a ofishin masaƙa a wancan lokacin, mai biyan albashi ko mai kula da ma'aikata, ta ji abin da shi ma ya gani daga kujerarsa, domin na tabbata akwai matsin kuɗi da na wutar lantarki da na shigowar yadin waje da ɗakin saƙa bai gani ba. Zan iya haɗa ta da ƙananan kamfanoni biyu da nake duba wa littattafai, idan masu su sun amince, ta ga irin fom ɗin da suke amfani da shi yanzu.

Malamin Gudanarwa:
Ki karɓi tayin biyun, amma ki taƙaita aikin don ki iya gama shi a cikin zango. Ki ɗauki takarda guda ɗaya da ake cikewa kullum a kamfani ɗaya, ki bi ta daga hannun mai cikewa har teburin mai yanke hukunci, ki rubuta abin da ya shiga, da abin da ya zube a hanya, da wanda ya amfana da zubewar. Kafin ki fara hira da kowa, ki kai tsarin ga mai duba kundinki ya sa hannu, ki kuma nemi izinin su Baba a kan ko za a ambaci sunayensu ko za a sakaya.